Jerin 'Yan Wasan Da Na Yi Wa Koci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Juma'a, goma sha shida ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Koci a asibiti, bayan wata biyu yana jinyar ciwon hanta. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, da ƙungiyar ƙwallon da babu ita sai a cikin waya.

Koci, shekara goma sha ɗaya muka yi a maɗaba'a ɗaya, kai a injin yankan takarda, ni a teburin ɗinkin littattafai. Kai ka kawo mana wasan nan na intanet, wanda mutum ba ya buga ƙwallon da kansa. Nasa shi ne ya jera 'yan wasa, ya zaɓi tsari, ya adana, sannan kwamfuta ta buga wasan a kan lokacinsa. Mu takwas muka kafa gasa, har da direba da maigadi. Ka sa wa taka ƙungiyar suna Almakashi, tun daga nan kuma muka koma kiranka Koci, sunanka na yanka ya ɓace.

Alherinka ba ya ɓoyuwa. Ranar da matata ta zubar da jini wajen haihuwa, kai ka miƙa hannu aka ɗiba, ka koma bakin injin kana ganin jiri. Ranar da na ɗinke littafi ɗari biyar da shafi ɗaya a juye, ka tsaya gaban manaja ka ce kai ka jera shafukan. Ka sha faɗan da ya kamata in sha, ba ka taɓa yi mini gori ba.

Amma bakinka, Koci! Duk ranar da ka ci ni, sai ka buga sakamakon da manyan haruffa a kan ragowar kati, ka manna a saman teburina. Sau goma sha tara muka haɗu, sau goma sha tara ka manna. Kai ka laƙaba mini Na-Biyu, har 'ya'yana suka ɗauka. Ana dariya ina dariya, amma katunan nan duka suna cikin durowata, ko ɗaya ban yar ba.

Bana sai ga mu a wasan ƙarshe na kofi, ni da kai, ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma. Ranar Laraba na je duba ka. Idanunka sun yi ɗorawa, wayar ta suɓuce daga hannunka sau biyu. Sai ka turo mini ita.

Ka ce, "Na-Biyu, hannun nan ya ƙi. Jera min. Ko ka ga tsarin nawa, me za ka iya?"

Ka rufe ido kana faɗa: huɗu a baya, biyar a tsakiya, ɗaya a gaba, a cire mai tsaron ragar da ya ji rauni a sa na benci. Duk abin da ka faɗa ina cewa to. Na bar mai raunin a raga. Na kwashe 'yan bayanka biyu na kai su gaba, na zaunar da kyaftin ɗinka a benci. Na adana, na ajiye wayar kusa da robar ruwanka.

Ka ce, "Allah Ya yi albarka." Na ce amin.

Ranar Alhamis na kalli wasan a teburina, ma'aikata sun kewaye ni. Shida da nema. Ba zan yi ƙarya a ta'aziyya ba, na ji daɗi har cikin raina. Direba ya ce, "Haba, mara lafiya fa ka ci," na ce ai wayarsa lafiyarta ƙalau. Na ɗauki kati na buga sakamakon da haruffan da suka fi naka girma, na manna a jikin injinka. Yana nan manne labarin rasuwarka ya iso. Maigadi ne ya ɓanɓare shi.

Bayan an kai ka, matarka ta aika a kira ni bakin ƙofa. Ta ce babbar 'yarku ce ta riƙa karanta maka wasan minti bayan minti. Da aka zura maka ƙwallo na uku ka ce ta nuna maka jerin 'yan wasan. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce ta kashe, ka juya fuskarka bango.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Baban yara ya ce a ba ka. Ya ce ƙungiyar taka ce yanzu, tunda kai ka iya jera ta. Allah Ya saka maka, kai ne ka tsaya masa har ƙarshe."

Na karɓa da hannu biyu. Ko a nan ma amin na ce.

Ka ci na ashirin, Koci, kuma wannan ba a teburina ka manna shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zame maka kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da ƙannenka, da 'ya'yanka huɗu, da abokan aikinmu. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari.

Ke kuma maman yara, yanzu kin san wanda ya jera. Wayar tana wurin maigadi, zai kawo miki. Addu'ar da kika yi mini a bakin ƙofa, ki mayar wa Koci, shi ne mai ita.