Tsamiyar Inna Zulai

Malam Mamuda ya yi shekara talatin yana koyar da kimiyya a Yelwa. Da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birane, sai ya zauna rubuta labarin wani garin gilashi da za a gina a ƙarƙashin tafkin Kainji nan da shekara ɗari biyu. Littafi uku ya buga da kansa. Ranar kasuwa yakan baza su a tabarma, mutane su ɗaga, su ga ba na addu'a ba ne, su ajiye.

Inna Zulai, tsohuwa mai kifin banda, ita kaɗai ke cewa ya karanta mata. Ƙauyensu na cikin waɗanda ruwan tafkin ya ci tana yarinya, kuma duk bayaninsa ta ƙi yarda labarin ƙirƙira ne.

Wata rana ta katse shi. "Malam, mutanen nan sun bar tsamiyar ƙofar gidanmu, ko sun sare?"

Ya ce amsar na cikin littafi na huɗu.

Wata biyar ya yi yana dasa tsamiyar nan a tsakiyar garin gilashi. Ranar da ya kawo littafin kasuwa, wata mata ya tarar a wurin zaman tsohuwar. Ta ce jiya aka yi sadakar bakwai ɗin Inna Zulai.

Ya zauna a tabarmarsa, ya buɗe shafin tsamiya, ya karanta da ƙarfi har ƙarshe.