Takardun Baffa da Na Ɗinke

Mahaifina, Malam Abdulmumini, wanda muke kira Baffa, a bayan shanu ya tashi. Bai zauna wuri ɗaya ba sai da ya haura talatin, shekarar da cuta ta share musu garke, suka sauka a Kara suka kama noma. Yau in ka gan shi a ƙofar gida da carbi, ba za ka ce ya taɓa kwana a daji ba. Amma a da, kawo masa saniya marar lafiya ka sha kallo. Ya buɗe mata ido ya duba, ya shinshina baki, ya murza kashin tsakanin yatsu, sai ya aike ka ka sassaƙo ɓawon itace kaza. Har daga Kabo ake zuwa da babur a ɗauke shi, kuma ko goro bai taɓa cewa a ba shi ba.

Da girmansa ya yi karatu wajen wani malami a Garo. Da malamin ya rasu, rabon Baffa ya faɗa kan damin takarda irin ta da, mai kauri, wadda ba fara fat ba, ga wani ƙamshi kamar na tsohon rumbu. A kanta ya ƙudura zai rubuta abin da ke kansa da ajami: magungunan dabbobi tukuna, sannan sunayen kakanninmu da rugagen da suka zauna kafin Kara. Duk danginmu babu wanda ya san jerin nan sai shi.

Shekara shida yana abu ɗaya, kullum da hantsi, don lokacin ne idonsa ke gani sosai. Na hagu ya riga ya tafi, likita ya ce na dama ma yana biye. Farar takardar zamani kashe masa ido take yi, tawadarsa kuma bazuwa take a kanta. Don haka wannan damin kaɗai ne abin rubutunsa. Ya gama magunguna, saura kakanni, ya ware musu falle ashirin da huɗu a ƙasan akwatin ƙarfe. Na sani sarai, don ni nake shanya masa shafuka su bushe.

Ni ce Mansura, autarsa, kuma ni ce na yi ɓarnar.

Bara waccan na shiga koyon sana'a na mata a Gwarzo. Malama Kamila, mai koya mana, ta kawo wani ɗinkin littafi da ake jinginawa ga Faransawa, mu dai ɗinkin sarƙa muka sa masa. A ninke takardu huɗu-huɗu, a huda gindin ninkin da basilla, a shafa wa zare kakin zuma. Duk sanda allura ta fito ta baya, sai a zura ta ƙarƙashin zaren ninkin da ke ƙasa kafin a mayar ciki. In an gama, bayan littafin yana fitowa a buɗe da zare a harɗe kamar kitso. Wallahi na so abin nan, hannuna kuma ya faɗa da shi fiye da na kowa.

Takarda ce ta hana ni sakat. Ta shagon fotokwafi da muke saya, da na ja zare sai ramin ya yage. Ga ranar yaye mu ta matso, an ce za a baje aikin kowa a gaban baƙi, ni kuwa na rantse ba za a ajiye nawa a bayan na Ummukulsum ba, wata abokiyar hamayyata mai shegen iyayi. Dubi dalilin fa. Ranar da Baffa ya tafi ta'aziyya Garo, na buɗe akwatin na kwashe fallayen duka. Na ce wa raina ai za a samo wasu a Kano. Ƙarya nake yi, kuma ina sane.

Na ninke su, na huda su, na daddatse gefensu da reza suka daidaita, na yi bango da kwali da ƙyallen atamfa. Zaren ya zauna daram, ko rami ɗaya bai yage ba. Tunda nake ban taɓa yin abu mai kyau haka ba.

Saboda tsabar rashin kunya, da safen ranar bikin na kai masa ya sa albarka. Ya karɓa, ya bi kitson zaren da yatsa. Sai ya buɗe, ya murza gefen shafi, ya kai hanci. 

"Ɗinkin ya yi kyau, Mansura," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Ya miƙo mini. A lokacin nan, da na durƙusa na warware zaren, da ya samu abin rubutu, ko da ƙanana ne masu huji. Ban yi ba. Na saka a jaka na tari mota.

Ni na zo ta ɗaya. Babbar baƙuwa ta ɗaga littafin ana tafi, Malama Kamila ta raɗa mini cewa in ba baƙuwar shi kyauta, na ba ta ina washe baki. Ta shige mota da shi. Ko sunanta ban riƙe ba.

Daga baya na zaga Kano sau uku da guntun da reza ta bari, kowane mai takarda ya juya shi ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro. Baffa ya gwada farar takarda, ya yi layi biyu hawaye na zuba, ya ajiye alƙalami. Kafin damina ta fita, idon dama ya rufe. Na ɗinka wani littafin na zauna gabansa na ce ya faɗa in rubuta. Ya kawo kakanni biyar, a na shida ya tsaya, ya dawo farko, ya sake tsayawa a nan. Ya ce da can in ya riƙe alƙalami sunayen zuwa suke da kansu.

Watan jiya ƙanensa, Baffa Sajo, ya zo da 'ya'yansa musamman a karanta musu asalinsu. Da ya ga rubutu ya ƙare a maganin ciwon kofato, ya hau faɗa, yana tambayar ina sauran takardun malamin Garo. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura.

"Ni na yi kuskuren ƙirge," in ji Baffa. "Na zaci za su isa."

Na ajiye furar a gabansu, na ce a sha lafiya, na fita.