Jirgina da Injin Mai Faci

Ina tsaye gaban mai faci a Mabera, riƙe da ɗan jirgin ƙasana na ado da bindigar feshin fenti. So nake in fesa masa launin tsatsa ya zama kamar tsohon jirgi, amma ban sayi ƙaramin injin iska ba tukuna.

Ya ce, "Malam, bar ɓarnar kuɗi. Injin wanga nawa har tayar tirela yana cikawa."

Ya jona tiyo, na danna. Fuuu! Jirgi ya tashi sama, ya faɗa kwata, tayoyi suka watse.

Ya tsamo shi, ya jujjuya.

"Ba tsufa kaka so shi yi ba? Ga shi har hatsari ya yi."

Jama'a, godiya zan yi masa ko kuka?