Littafin da Baba ya buɗe daga dama

Shekarar da na gama jami'a ban samu aiki ba, sai na koma gida Barmou. A lokacin wana ya yi shekara huɗu a Libiya, biyu daga ciki ba mu ji muryarsa ba. Lambarsa ta daina shiga. Waɗanda suka dawo, kowa da abin da yake faɗa, ni kuwa ban san wanda zan gaskata ba.

A akwatin wana na ƙarfe Baba ya samo wani littafi. Littafin zane ne da Faransanci, ina jin a kasuwar Tahoua wana ya saye shi, wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Labarin wasu masana kimiyya ne su huɗu da suka ƙera na'ura mai buɗe ƙofa zuwa wasu duniyoyi. Na'urar ta lalace, ta riƙa jefa su daga wannan duniya zuwa waccan. Wata mai rana biyu, wata teku na rataye a samanta, wata kuma kamar tamu sak amma ba wanda ya san su. A shafin ƙarshe shugabansu, wani mai gemu, yana zaune shi kaɗai kan dutse, na'urar a farfashe gabansa.

Baba bai yi boko ba. Karatunsa na allo ne, duk littafin da ya taɓa riƙewa daga dama ake buɗe shi. Haka ya buɗe wannan ma. Kullum bayan la'asar zai zauna a zaure, ya jiƙa yatsa, ya riƙa juya shafukan a hankali.

Wata rana ya kira ni. "Kai mai boko, zo ka gani."

Na durƙusa gefen tabarmarsa. Ya nuna mini mai gemun kan dutse.

"Wanga ya yi kama da wanka. Ka ga yadda ya ɓace, babu kowa nai." Ya ci gaba da juyawa. "Nan ya gamu da abokansa. Nan sun gyara ƙarfensu. Sun sha wuya ƙwarai." Sai ya kai shafin da a wurinsa shi ne na ƙarshe: mai gemu tsaye a ƙofar gida da jaka a hannu, wata mace ta rungume shi, yarinya na riƙe da ƙafarsa. Baba ya buga shafin da yatsa. "Ka gani? Ya komo gida."

Na sha tunanin abin da ya sa ban yi shiru ba. Wataƙila tsoro ne kada in bar mahaifina cikin kuskure alhali na sani. Wataƙila kuma so nake ya ga karatun da ya sayar da tumaki don in yi bai tafi banza ba. Ba ni da tabbas.

Na ce, "Baba, ina jin wannan littafin daga hagu ake fara shi."

Ya dube ni. "Daga ina?"

Na juya littafin, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon macen da yarinyar.

"Ashe ba tarba ba ce," in ji shi. "Bankwana suke."

"Akwai yiwuwar an yi kashi na biyu," na ce da sauri. "Irin waɗannan yawanci ana ci gaba da su."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

Ya rufe littafin, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in mayar da shi inda yake. Bai yi mini faɗa ba. Sai ya tambaye ni ko an shayar da jaki.

Na je Tahoua sau uku ina bin masu tsofaffin littattafai da littafin a hannu, ina neman kashi na biyun. Wani ya ce in dawo mako mai zuwa, wani ya yi dariya ya ce yanzu wa ke karanta wannan. Ban samu ba. Har yau ban san ko akwai shi ba.

Baba ya rasu da kaka, bayan an shigar da gero rumbu. Tun ranar da na juya masa littafin bai ƙara ambatar wana a gabana ba, ko da yake Inna ta ce yana sa shi cikin addu'a kowace sallah.

Littafin na wurina yanzu, a Tébaram inda nake koyarwa. In na ɗauko shi, daga dama nake buɗewa.