Tsohon da Na Ba da Aro

Sati uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in waya ta yi ƙara kusa da ni, ko ba tawa ba ce, sai in zabura in waiga. Saura kaɗan in jawo wa kakana sunan mai cin iyakar gona, a garin da ya fi shekara saba'in yana sallah a sahun gaba. Kuma ina dariya na yi.

Bayan mun gama jarrabawar ƙarshe ta sakandare zaman gida ya ishe ni. Yayana ya bar mini tsohuwar wayarsa, 'yar kawuna da ke karatu a Kano ta jefa ni wani guruf na hira a waya da ake wasan labari. Mutum ɗaya ce uwar wasa, ita ke shimfiɗa gari da daji da abin da zai faru. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda, ya riƙa rubuta abin da mutuminsa ya yi da abin da ya ce. Waɗanda ba wanda ya ɗauka, irin su mai shago da tsohuwar bakin rijiya, su muke kira 'yan gari, uwar wasa ce ke magana da bakinsu. Ban yi wata biyu ba na buɗe nawa, na fatake masu ratsa daji da jakuna. Bayan la'asar nake zama a gindin rumbu in ja wasan, don nan kaɗai sabis ke kamawa a gidanmu.

Wata rana fatakena suka ɓata hanya, ina neman wanda zai nuna musu. Na ɗaga kai, ga kakana a kan buzunsa yana faɗa da rediyo. Ban ƙara wani tunani ba na ɗauke shi ɗungurungum na saka a wasan. Tabaransa mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zaren buhu, rediyon da aka naɗe da robar taya, da halinsa na ya zazzage maka magana tas sannan ya ce, "Ni dai ban ce komai ba." Har gonarsa na ba shi, a gindin ɗorawar nan da tsawa ta raba biyu. Ban ga laifi ba. Tun ina rarrafe nake tsokanarsa, yana ce mini amarya ina ce masa angon da ba haƙori. Wasan jika da kaka ne, ba mai hana ni.

'Yan wasa suka haukace a kan tsohon. Sai su bar kayan fatauci a daji su koma gindin ɗorawa don kawai su ji ya zage su. 'Yar kawuna ta ce in ara mata shi, wasanta na asibitin birni ne, tana son mai gadi. Na ce to, amma da sharaɗi. A gidanmu in maƙwabta suka aiko da abinci, Inna ba ta mayar da kwano haka nan, ko gyaɗa ce sai ta zuba. Na ce duk wanda ya ari tsoho, kada ya dawo da shi fanko, ya ƙara masa hali ɗaya, kuma ya faɗi daga hannun wa ya karɓa.

Daga asibiti ya dawo da tsoron allura. Wani malamin firamare a Kunci ya are shi zuwa wasansa na garin da ke ƙarƙashin ruwa, ya dawo da wani tarwaɗa da suke musu kullum a kan lokacin shuka. Duk inda ya je da ɗorawarsa yake tafiya, ba wanda ya yarda ya bar ta. Sai wata yarinya a Shanono, wadda ban taɓa gani ba, ta kai shi wasan masu tafiya duniyar wata. Can ta ba shi gona, ta ba shi maƙwabci, ta kuma ba shi hali: kowace damina sai ya tumɓuke ciyawar gamban da ke kan iyaka ya matsar da shi taƙi ɗaya cikin gonar maƙwabcin, in an yi magana ya ce shi bai ce komai ba. Ranar da na karanta na yi dariya har Inna ta leƙo ta ce ko aljanu ne. Na tura wa kowa.

Abin da na manta, ko na ƙi tunawa, shi ne shekara biyu ke nan ana ƙananan maganganu tsakanin kakana da maƙwabcin gonarsa. A wajenmu gonaki a manne suke, layin gamba ne kawai ke raba su, kunyar shuka ɗaya ma abin a kai ƙara ne. Babban ɗan maƙwabcin, magidanci mai haya da babur a Maƙoda, ashe yana cikin wasan Kunci, shi ne jarumin da ke hawan kada. Ya ga tabarau, ya ga rediyo, ya ga ɗorawa. Da labarin gamba ya iso gurufinsu sai ya tambaya cikin raha wa ya ƙirƙiro tsohon nan. Dokata ta yi aiki. Kowa ya faɗi daga hannun wa ya karɓa, har aka dire kan lambata.

Da hantsi Baba ya shigo ya ce in sa hijabi, mai unguwa na kira. Na bi shi har muka isa. Na durƙusa a bakin zaure. Ga kakana, ga maƙwabcin, ga ɗansa riƙe da waya, ga liman da dattawa uku.

Ɗan ya karanta labarin gamban, da murya irin ta mai karanta takardar kotu. Da ya zo kan tabarau duk aka juya aka kalli kakana. Kakana ya cire su ya sa a aljihu.

Mai unguwa ya ce, "Tsaya. Ita wannan gonar a ina take?"

Ɗan ya ce, "A duniyar wata, ranka ya daɗe."

"Wane watan?"

"Na sama."

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Amma maƙwabcin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a bayan rana aka kai ta, ɗorawar tamu ce. Jikarsa ce ta fitar da maganar. Yarinya ba ta ƙirƙiro wannan, a cikin gida ta ji."

Nan dariyar ta mutu. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "'Yata, ke kika rubuta?"

Na ɗago kai. Na ce tsohon nawa ne amma halin ba nawa ba ne, wata ce a Shanono ta ƙara. Ya ce ina na san ta. Na ce ban san ta ba. Ya ce to yaya aka yi kakana ya je hannunta. Na ce aro na bayar.

"Kin ba da aron kakanki."

"E, ranka ya daɗe."

"Ga wadda ba ki sani ba."

Kakana ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ma sai yau na ji. Ashe har wata na je, ba a ba ni ko guzuri ba."

Mai unguwa ya ce wannan ba shaida ba ce, wasan yara ne. Amma magana ta riga ta zaga tashar babura, in an bar ta haka za ta bi dattijo har kabari. Ya ce a tashi a je gona a tono dutsen da iyayen kakana da na maƙwabcin suka binne a kan iyaka.

Ban taɓa jin tafiya mai tsawon wannan ba, alhali gonar ba ta da nisa. Ina baya ina karanta duk addu'ar da na iya. Aka yi ta sara da fartanya har ƙarfe ya daki dutse. Aka ja igiya daga dutsen zuwa ɗorawa. Gamban ya shiga ɓangaren maƙwabcin da taƙi biyu. Na dafa karan gero.

Mai unguwa ya zaga tushen gamban ya taka shi da ƙafa. Ya ce gamba ciyawa ce mai faɗaɗa, shekara da shekaru tana cin ƙasa da kanta, ba za a ɗora wa kowa ba. A mayar da layi kan igiya, kunya ɗaya ta koma wa maƙwabci, gyaɗar da ke kanta a raba in an cire. Liman ya yi addu'a, aka gaisa. Kakana ya rasa kunyarsa ta gyaɗa, sunansa ya tsira, ko da yake har yau in ya wuce tasha wasu na tambayarsa labarin sama.

Baba ya karɓe wayar kwana goma. Bai dake ni ba, bai yi faɗa ba, ni kuwa da dukan ya yi da na fi samun barci. Da ya dawo mini da ita na rubuta wa duk wanda na sani cewa a kashe tsohon a kowane wasa. Na faɗa wa kakana, ina zaton zai ji daɗi.

"Ki kashe ni? Amarya, gadon me kike hange, rediyo?"

"Wallahi ba wasa nake ba, tsoho."

"To ni ban yarda ba. Zauna ki karanta mini abin da na yi a ƙarƙashin ruwan."

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe. Abu ɗaya ya ƙi, wai shi bai taɓa tsoron allura ba, a gyara. Kashewar ma ba ta yiwu ba. Malamin Kunci ya ce ya riga ya ara wa wasu, su ma sun ara wa wasu. Yanzu haka kakana yana can a wasannin da ban san masu su ba, ana ƙara masa halin da ban sani ba, da ɗorawarsa a bayansa. Shi ya sa ƙarar waya ke tsinka mini zuciya.

Ranar dashen sabon layi kakana ya ce ni zan dasa, tunda ni na jawo. Ruwa ya sauka da safe, ƙasa ta yi laushi. Maƙwabcin yana tsaye a ɓangarensa, hannu a baya, yana kallon kowane tushe. Na durƙusa ina bin igiya. Kakana ya sunkuyo kamar zai gyara mini riƙon fartanya, ya ce a kunnena, "Ɗan matsa da shi can kaɗan, ƙasar wajen ta fi kyau."

Na ɗago na kalle shi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, yana ta duban gajimare. Har yau ban sani ba ko tsokana ce. Na dasa tushen daidai ƙarƙashin igiya, na danne shi da hannu biyu, na kira maƙwabcin na ce, "Baba, zo ka duba wannan."