Ƙyallin da Ya Ci Idon Maƙwabcina

Edita, a lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, ina zaune da matata a wani ɗan gida a Staten Island, kusa da Tompkinsville. Na haura saba'in, kuma ban taɓa yarda cewa akwai aikin da ya halatta a yi shi rabi da rabi ba. A makarantar mishan da na yi can gida, kafin in zo ƙasar waje, kowace Asabar hedimasta yakan bi layi yana duba ƙarfen ɗamararmu. Wanda bai ga fuskarsa a cikin nasa ba, ranar ba shi da abincin rana. Ni aka damƙa wa goge ƙararrawar makaranta, domin ba a taɓa kama ni ba. Da wannan tarbiyya na girma, da ita na takura wa 'ya'yana, da ita kuma na tsufa.

Farautar barewa na koya a nan da girmana. Na nemi izinin hukuma, na sayi wata tsohuwar bindiga mai sakata, irin wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, a wurin wani dattijon Bature a ƙauyukan arewacin jihar da muke zaune. Harsashinta ya yi wuyar samu a kantuna, don haka shi ya koya mini ɗura nawa: a tara kwanson tagulla da aka harba, a auna albarushi, a sake haɗa shi. Aikin ya dace da halina ƙwarai, domin ba na zuba albarushi sai na maimaita awo. Cikin abin da ya faɗa mini har da cewa kwanso ba ya bukatar komai sai a raba shi da datti, dusashewar launinsa ba aibi ba ce, kuma kada in kusance shi da man goge ƙarfe na gida. Na gyaɗa kai don ladabi, amma a raina na ɗauki maganar a matsayin ragwancin mutumin da ba a taɓa duba masa ɗamara ba.

Abokin tafiyata maƙwabcina ne, ɗan zangon Kumasi, direban tasi, wanda na girme shi da kusan shekara ashirin. Shi Musulmi, ni Kirista. Shi yake tuƙa mu kowace kaka, shi yake yanka abin da muka samu domin iyalinsa su ci, mu raba naman. Ticha yake kirana. Idan ya leƙo gareji ya tarar ina murza kwanso ɗaya bayan ɗaya da tsumma, yakan tambaye ni ko barewar ce ta ce tana son madubi, ko kuwa nufina in kashe mata ido da ƙyalli kafin in harba. Man da nake amfani da shi shi ne wanda nake goge tagullar majami'armu da shi, mai warin nan da yake hawa kai, warin Asabar ɗin yarintata. Nakan shafa, in jera su a akwati, su kwana a gareji duk damshin bazara. Akwai ranar da na ga wani siririn layi a jikin wani kwanso. Na ɗauka ƙarzuwa ce, na ƙara mai, na goge har ya ɓace wa ido.

Ana gab da buɗe farauta muka je filin gwaji mu daidaita bindigar. Kafaɗata tana ciwo, sai na miƙa masa ya harba. Sanyi ya sa tabaraunsa ya yi hazo, ya cire ya sa a aljihu, ni kuwa da nake gyara wa kowa komai ban hana shi ba. Da ya ja kunama, ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Kwanson ya tsage a ciki, hucin wuta da ɓurɓushin tagulla suka biyo ta sakata suka dawo masa a fuska. Bai yi ihu ba. Ya ajiye bindigar bakinta na kallon gaba, kamar yadda na koya masa, ya ce, "Ticha, riƙe ni, ba na gani."

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma idon dama bai dawo ba. Da na koma gida na warware sauran harsasan, na auna albarushin kowanne, na tarar babu wanda ya kauce. Ina jin kunyar rubuta cewa abin da na fara ji shi ne sanyi a rai: ashe ba awona ba ne. Sai na matsa bakin wani kwanso, ya dare a hannuna kamar ɓawon ƙwai, na gaba ma haka. Warin man ya taso daga akwatin, maganar dattijon nan ta dawo mini. Sinadarin da yake cikin man yana cin tagulla a hankali, ta yi rauni daga ciki alhali tana walƙiya a waje.

Ya gwada komawa tuƙi, amma ya kasa gane nisan motar da take gabansa a cunkoson birni, ya mayar wa mai tasin makulli da kansa. Yanzu yana tsaron kantin wani ɗan garinsu, yana sayar da gari da manja, ga shi da 'ya'ya uku a makaranta. Na je gidansa na faɗa masa gaskiya duka. Matarsa ta tashi ta shige ɗaki. Na yi tsammanin zai ce ƙaddara ce ya sallame ni, kuma na san wani ɓangare na zuciyata abin da ya je nema ke nan. Amma sai ya ce, "Ƙaddara ce, Ticha, amma ta hannunka ta biyo. Na yafe. Ka ɗauki naka, in ɗauki nawa."

Na miƙa bindigar ga hukuma, na rufe garejin. Abin da na koya a makare shi ne tsabta daban, ƙyalli daban, kuma mai ganin ya fi kowa kula shi ne ya fi wuyar jin gargaɗi. Ga masu wannan aiki: kada ku sa wa kwanso abin da ba don shi aka yi ba, duk wanda ya nuna alamar tsagewa ku jefar, kuma kada wanda yake tare da ku ya harba ido tsirara. Ga tsofaffi irina kuwa, ku binciki ɗabi'ar da aka fi yaba muku da ita, domin ita ce ba ku taɓa tuhuma ba.

Har yanzu nakan je kantin mu gaisa. Yakan jawo mini kujera, ya tambayi lafiyar Mama, wato matata. Ban taɓa kuskuren zama a damarsa ba, domin a wannan gefen sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ni.