Ruwan Rijiyar Inna Yalwa

A wani ƙauye kusa da Gwangwan na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, Inna Yalwa. Lokacin sanyi, in an idar da sallar isha'i, takan tura kara a murhu ta jawo tabarma, mu jikokinta mu kewaye ta. Kullum da moɗar ruwa a gefenta. Ba ta fara magana sai ta kurɓa, ta ɗan riƙe shi a baki, sannan ta haɗiye. Wani lokaci ta ce, "Wa ya ɗebo wannan? Ba na rijiyarmu ba ne, na bakin masallaci ne." Ban taɓa jin ta yi kuskure ba.

Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika. "Maigida, matso nan, kada hayaƙi ya sa ka yi mini kuka a gaban mutane." Sai ta ce tatsuniya ta iso tana neman wurin zama, mu kuma mu ce a shimfiɗa mata.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani gari mai tsohuwar rijiya. Ruwanta jaja-jaja ne, sai ya kwanta a randa ake sha, har mutanen garin suna jin kunyar baƙi. Suka haƙa sabuwa a kan tudu, ruwa ya ɓullo garau, kana ganin fuskarka a guga. Don murna suka ce a cike tsohuwar. Wata tsohuwa mai saniya ɗaya tak ta ce a dakata, a tambayi wake da sabulu da shanu tukuna. Aka yi mata dariya, aka cike rijiyar, har aka shuka gero a kanta.

A nan Inna kan sassauta murya. "Wake ya wuni a wuta bai nuna ba. Sabulu ya ƙi kumfa. Shanu su sunkuya su shinshina, su ɗaga kai. Ashe zartsi suka haƙo." Yara suka fara ramewa. Aka nemi gurbin tsohuwar rijiyar aka rasa, gero ya rufe ko'ina. Sai tsohuwar nan ta kwance saniyarta ta bi ta a baya. Saniya ta ratsa gona, ta tsaya a wani wuri tana tonon ƙasa da kofato. Nan aka haƙa, aka tarar da ruwan.

"Inna, an ba tsohuwar haƙuri?"

"Wa ya tuna da ita? Kowa na ta shan ruwa."

Na girma, na sami aikin koyarwa a Karaye, na kama haya a gida mai famfon burtsatse. Ruwan fes a ido, amma farin abu yake bari a gindin butar shayi, kamar an shafa farar ƙasa. Matata Rabi ta gaji da ƙorafin sabulu, wake kuwa sai da kanwa. A hankali muka saba.

Shekarar da ciwon mara ya matsa wa Inna, na ɗauko ta don ganin likita. Ya ba ta magani, ya ce ta riƙa shan ruwa sosai. Ta kurɓi na famfonmu, ta ajiye moɗa. "Wannan ruwan nauyi gare shi, Maigida. Samo mini na gida." Jarrabawa ake yi a makaranta, na ga tafiyar ta yi mini nisa. Na sayo ruwan leda na juye a randa, na ce ga na gida an aiko. Ta kurɓa, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Kwana biyu ba ta shan ruwa sai na haɗiyar magani. Leɓɓanta suka bushe. Rabi ta same ni a zaure ta ce, "Malam, wallahi ta gane. Ka daure ka je."

Da asuba na ɗaura jarka biyu a mashin. Kafin azahar na dawo. Inna ta shanye moɗa guda, ta miƙo a ƙara mata. Ta goge baki da gefen zani ta ce, "An yashe rijiyar. Bana an yashe ta, ba wanda ya gaya mini." Haka ne kuwa, ƙanin babana ya faɗa mini a bakin rijiyar.

Ta sami sauƙi, ta koma gida. Bayan damina Allah ya karɓi abarsa.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana hana mu yarda da abu ne don kyan ganinsa. Yanzu tsohuwar da aka yi wa dariya na fi tunawa, domin ni ma na yi wa tawa dabara, a zatona duk ruwa ruwa ne. Ta san na yi, ta sa mini albarka. Wannan albarkar ta fi faɗa ciwo, har yau.

Kwanaki 'yata, wadda na sa wa sunan Inna, ta tambaye ni yaya ɗanɗanon ruwan garinmu yake. Na ce ta nemo takalmanta, ranar Asabar za mu je.